Yadda za ka ziyarci Ƙal'ar Ƙaitbai a Iskandariyya

Mutanenmu da ke zuwa Masar, ko asibiti ya kawo su, ko karatu, ko sarin kaya, idan suka samu yini guda na hutu yawanci Giza ake kwasarsu a kai su, su ga dala, su hau raƙumi, a ɗauki hoto, a dawo masauki. Ni idan baƙo ya sauka wurina a Alƙahira ya ce yini ɗaya gare shi, Iskandariyya nake nufa da shi, mu wuce can ƙarshen bakin teku inda Ƙal'ar Ƙaitbai take. Gidan tsaro ne na dutse, ruwan Bahar Rum ya kewaye shi ta ɓangare uku. Sarkin Masar Al-Ashraf Ƙaitbai ne ya sa aka gina shi tsakanin 1477 da 1479, wato lokacin da Muhammadu Rumfa ke kan gadon sarautar Kano. Dala ta yi mana nisa a zamani, ba mu da abin da za mu auna ta da shi. Wannan kuwa na zamanin da muka san sunayen sarakunanmu ne, shi ya sa na fi son a fara da shi.

Maganar tafiya ba ta da tsawo. Ka hau jirgin ƙasa a tashar Ramsis da sassafe. Nisan ya ɗan haura kilomita 200, jirgi mai sauri yana cinye shi cikin awa biyu da rabi zuwa uku. Ka riƙe fasfo ɗinka, in kana da iƙama ko katin ɗalibi su ma ka sa a aljihu, don kuɗin da ake karɓa a hannun baƙo daban yake da na ɗan ƙasa, a jirgi da a ƙofar ƙal'ar duka. Tashoshi biyu ne manya a Iskandariyya. Ta farko ita ce Sidi Jabir, a nan za ka ga rabin jirgin ya zube, kada ka bi su. Ka zauna sai ta ƙarshe, Mahaɗɗat Misr, ita ta fi kusa da tsohon gari. Kuma kafin ka fita daga tashar ka yanki tikitin komawa.

Kada ka zaɓi Juma'a ko ranar hutun gwamnati, gari duka yana can. Yuli da Agusta mutanen Alƙahira ke tsere wa zafi su cika bakin teku, ko wurin aje ƙafa sai da ƙyar. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma lokacin guguwar hunturu ne da 'yan garin ke kira nawwa, ruwan sama da iska, igiyar ruwa tana dukan ganuwa tana fantsamo wa mutane. Tana da kyan kallo, amma ba ga wanda ya zo da tsoho ko mai jinya ba. Maris zuwa Mayu, ko Oktoba da Nuwamba, su ne daidai. Ana buɗe ƙofa ƙarfe tara na safe.

Daga tasha tasi mai launin baƙi da rawaya za ta kai ka, ku yi ciniki kafin ka shiga, ko ka kira Uber ka huta da gardama. Amma in ƙafarka lafiya lau, ka ce mai tasi ya sauke ka a Mahaɗɗat Raml, dandalin da ke tsakiyar gari kusa da bakin teku, ka taka sauran. Wajen kilomita uku ne a kan titin bakin teku, tashar jiragen ruwa ta gabas tana damanka, ta lanƙwashe, ƙal'ar tana can ƙarshen lanƙwasar kana hangenta tana ƙara girma. Akwai dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan tafiyar ƙafa. Ƙasar da kake takawa bayan ka wuce unguwar Manshiyya ka doshi unguwar Anfushi, a da ruwa ce. Wurin da ƙal'ar take tsibiri ne mai suna Faros. Sarakunan Girkawa da suka gaji Iskandar, wanda ya kafa garin, suka yi gada ta cike daga gari zuwa tsibirin, da shekaru suka tura rairayi da laka suka taru a gefenta har ta zama unguwa. Wanda ya zo a mota ba ya lura da haka, sai dai ya ga an sauke shi a bakin ƙofa.

A hanyar shiga akwai masu sayar da katantanwa da sarƙoƙi da masara gasasshiya, da masu kwale-kwale da za su kira ka, ya basha, ya hajji, zo mu zaga da kai. Ka ce shukran ka wuce, in kana so sai a fitowa. Tagar tikiti tana gaba. Farashin yana rubuce a allo, ɗalibi mai kati yana biyan rabi. Ka zo da katin banki mai aiki a waje, don manyan wuraren tarihi na Masar sun koma karɓar kuɗi da kati.

Yanzu abin da na fi so baƙo ya yi: kada ka ruga cikin babbar hasumiyar tsakiya. Kowa can yake rugawa. Ka tsaya a farfajiya tukuna, ka juya ka dubi tsarin. Ganuwa biyu ce, ta waje da ta ciki. A jikin ta ciki ɗakuna ne a jere, na sojoji da na ajiyar makamai da abinci. A ƙarƙashin farfajiyar akwai matattarar ruwan sha, don wanda aka yi wa ƙawanya a tsakiyar ruwan gishiri ƙishirwa ce za ta fara kashe shi kafin takobi. Daga nan ka bi gefen da ke fuskantar teku, ka sauka cikin dogayen hanyoyin nan masu rufin baka da ke cikin kaurin ganuwar. A nan ake girke igwa. Ka leƙa ta kafar harbi ka ga yadda take kallon mashigar tashar kai tsaye. Ka sa hannu ka auna kaurin bangon ta wannan gefen, ka kwatanta da na gefen gari. Maginan sun san ta inda suke jin tsoro.

Tsoron yana da asali. A watan Oktoba na 1365 Sarkin Ƙubrus, Bitrus na ɗaya, ya zo da rundunar jiragen ruwa ya auka wa Iskandariyya ba zato, suka kwana uku suna kisa da ganima, suka kwashi dubban mutane suka tafi da su. Garin bai sake komawa yadda yake ba. Shekara ɗari da 'yan kai bayan haka, lokacin Ƙaitbai, ga 'yan fashin teku na Turai ba su daina ba, ga kuma sabuwar barazana: Turkawa sun ci Ƙusɗanɗiniyya, wato Istanbul ta yau, a 1453, jiragensu suna yawo a gabashin Bahar Rum. Iskandariyya kuwa ita ce ƙofar kuɗin Masar. Barkono da kayan yaji na Indiya ta nan suke fita zuwa hannun fataken Banis ta ƙasar Italiya, harajinsu ne ke ciyar da sojan sarki. Da Ƙaitbai ya kawo ziyara garin a 1477, Hijira 882, ya ga kangon da ke bakin tashar, ya ba da umarni a yi gini a kansa. Masanin tarihin Masar Ibn Iyas ya ce abin da aka kashe ya haura dinari 100,000.

Kangon nan ba ƙaramin kango ba ne. Shi ne ragowar hasumiyar fitila ta Faros, wadda aka kammala wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kuma lissafa ta cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya. Tsawonta ya wuce mita 100. Hawa uku aka yi mata, na ƙasa mai kusurwa huɗu, na tsakiya mai kusurwa takwas, na sama zagayayye, ana hura wuta a ƙololuwa don jirage su gane hanya. Ta fi shekara 1,500 a tsaye, Musulmi sun same ta tana aiki, sun yi ta gyara ta. Girgizar ƙasa ce ta ci ta a hankali, ta 956, sannan mai tsanani ta 1303, sannan ta 1323. Ibn Baɗɗuɗa, wanda daga baya ya zo har Takedda a ƙasar Nijar ta yau, ya gan ta a 1326 gefe ɗaya ya rushe. Da ya sake biyowa a 1349 ya tarar ko ƙofarta ba a iya kaiwa.

To idan ka iso ƙofar babbar hasumiyar, ka dakata kafin ka shiga. Ginin duka farin dutse ne mai ɗan rawaya, amma ƙofar an yi mata dogarai da kan ƙofa da manyan sassan jan dutse mai tauri, irin wanda ake fasowa daga Aswan. Ba su yi kama da sauran ginin ba ko kaɗan. Masana da yawa na ganin daga tsohuwar hasumiyar aka ɗebo su, kuma ita wannan hasumiyar a kan harsashin waccan take zaune. In ka zaga ka duba bangon waje da kyau za ka ga guntayen ginshiƙai na da an cusa su a kwance cikin gini don su ɗaure shi. Wannan shi ne mafi kusa da za ka yi da Faros ba tare da ka nutse a ruwa ba. Sauran yana ƙarƙashin tekun da ke gefen ganuwar. A 1994 wani masanin kayan tarihi Bafaranshe, Jean-Yves Empereur, ya shiga da masu ninƙaya suka lissafa dubban duwatsu da ginshiƙai da gumaka a wurin. Ƙaton gunkin sarki da ke tsaye a gaban sabon ɗakin karatu na Iskandariyya, wanda aka buɗe a 2002, daga nan aka tsamo shi.

Shiga zauren, ka ɗaga kai. Akwai rami a rufin daidai kan mai shigowa. Ta nan masu tsaro za su zubo wa wanda ya fasa ƙofa tafasasshen mai ko duk abin da ya samu. Yara suna son wannan ramin fiye da komai a gidan.

Hasumiyar murabba'i ce, kowane gefe wajen mita 30, tsayinta wajen mita 17, hawa uku, da ƙaramar hasumiya zagayayya a kowace kusurwa. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne mafi yawan hawan ƙasa masallaci ne. Tsakarsa an shimfiɗe ta da marmara mai launi-launi, da rumfuna huɗu a kewaye irin tsarin makarantun Alƙahira na wancan zamani, haske yana saukowa daga sama ta tsakiyar ginin. Yana cikin tsofaffin masallatan da suka rage a garin. Zane-zanen da Turawa suka yi a da sun nuna shi da hasumiyar kiran salla, yau babu ita. Ka zauna a nan minti biyar, akwai sanyi, kuma nan ne wurin da ya dace a yi maganar mai ginin.

Ƙaitbai ba ɗan sarki ba ne. Bawa ne, Basarkase daga duwatsun Kaukasus, aka kawo shi Alƙahira yana saurayi, Sarki Barsbai ya saye shi, aka 'yanta shi a zamanin Sarki Jaƙmaƙ. Haka tsarin Mamalik, wato bayin soja da suka mulki Masar, yake: a sayo yara, a musuluntar da su, a koya musu doki da takobi, a 'yanta su, daga cikinsu a samu hakimai da sarki. Ya hau mulki a 1468 ya riƙe har ya rasu a 1496, wanda a daular da ake yawan tuɓe sarki cikin 'yan watanni ba ƙaramin abu ba ne. Mutum ne mai son gini ƙwarai. Duk ɗalibin Azhar ya wuce ta ƙarƙashin hasumiyarsa da ƙofarsa a masallacin. Masallacinsa da kabarinsa na maƙabartar arewacin Alƙahira su ne a jikin takardar fam ɗaya. Ya yi aikin hajji yana kan mulki, kuma da tsawa ta jawo gobara a Masallacin Annabi (SAW) a Madina a 1481, shi ya aika magina da kuɗi aka sake gina shi. A zamaninsa ne Imam Suyuɗi yake Alƙahira yana rubuce-rubucensa, shi da ya aika wasiƙar nasiha ga Sarkin Katsina Ibrahim Sura da Sarkin Agadas. Malamin da sarkin ba su jitu sosai ba, don Suyuɗi ba mai son zuwa fada ba ne. Alhazan ƙasarmu da ke bi ta Masar a lokacin a ƙasar wannan sarki suke sauka.

Matakalar hawa sama ƙunci gare ta, duwatsun sun goge sun yi santsi. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba. Hawa na biyu lunguna ne da ƙananan ɗakuna da tagogin harbi, masu faɗi ta ciki, tsukakku ta waje, yadda maharbi zai juya bakansa yadda yake so shi kuma ba a samunsa. Ba sai ka shiga kowanne ba, kama ɗaya suke. A hawa na uku akwai babban ɗaki da ake cewa nan sarki ke zama ya hangi jirage, da wurin niƙa da tanderun gasa gurasar sojoji. Wani lokaci mai gadi zai yafuto ka ya nuna maka wani lungu, ka san bakshish yake jira, ka ba shi ɗan abin da ya sauwaƙa ko ka yi godiya ka wuce.

Daga nan ka fita ka hau kan ganuwar waje ka zaga ta duka. Iskar wurin ba ta wasa. Ka riƙe hularka, Hajiya ta ɗaure mayafinta da kyau, wanda kuma ya zo da babbar riga zai ga ta kumbura ta zama tanti. Ta kudu za ka ga garin gaba ɗaya a lanƙwashe, da ƙananan jiragen masunta masu shuɗi da kore a cikin tashar, can ɗaya ƙarshen kuma rufin ɗakin karatun nan yana walƙiya. Ta arewa babu komai sai ruwa.

A nan sama nake gaya wa baƙona abin da allunan bayani ba sa faɗa kai tsaye: wannan gida da aka kashe wa dukiya haka bai taɓa hana a ci Masar ba. Turkawan da aka gina shi dominsu ba ta teku suka zo ba. Sarki Ƙansuh al-Guri, ɗaya daga cikin magadan Ƙaitbai, ya ƙara masa sojoji da makamai, har ya kafa doka a 1501 cewa wanda ya fitar da makami daga ƙal'ar hukuncinsa kisa ne, amma shi kansa a filin Marj Dabiƙ ya mutu a 1516, can arewacin Sham, kuma a 1517 Sarkin Turkawa Salim ya shigo Alƙahira ta tudu. Turkawa suka gaji ƙal'ar suka zuba nasu sojan, da daularsu ta yi rauni ita ma aka bar ta ta lalace. Napoleon da ya zo a farkon Yuli 1798 bai tunkari bakin igwa ba. Ya sauke sojojinsa a gaɓar yammacin gari da dare, suka tako da ƙafa. Hakimin garin, Muhammad Kurayyim, ya ja da baya zuwa nan da 'yan mutanensa, ba albarushin kirki, dole ya miƙa wuya, kuma kafin shekarar ta ƙare Faransawa suka kashe shi a Alƙahira.

Mai mulkin Masar Muhammad Ali Basha ya gyara ganuwar ya kawo sababbin igwa a farkon ƙarni na 19. Sai ranar da abokin gaba ya zo ta teku da gaske, 11 ga Yuli 1882. Lokacin boren hafsan sojan Masar Ahmad Urabi ne, sojan Masar suna ƙarfafa gidajen tsaron bakin ruwa, Ingila ta ce a daina. Jiragen yaƙinta a ƙarƙashin Admiral Seymour suka buɗe wuta ƙarfe bakwai na safe. Kafin faɗuwar rana duk igwan gaɓar sun yi shiru, bangon arewa da na yamma na wannan ƙal'a sun farfashe. A watan Satumba aka karya Urabi a Tal al-Kabir, Ingila ta zauna a Masar shekara saba'in da ɗoriya. Bakano ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan, don shekara 21 bayan nan, a 1903, ganuwar Kano ta gamu da igwar mutanen nan.

Saboda haka ka sani cewa ba duk dutsen da ka taɓa ne na Ƙaitbai ba. Ginin ya zauna a rushe fiye da shekara ashirin, aka fara gyara a 1904, Sarki Faruƙ ya so ya mayar da shi gidan hutawa, bayan juyin mulkin 1952 sojan ruwa suka mai da shi gidan adana kayan tarihi, sannan hukumar kayan tarihi ta yi masa babban gyara a 1984. In ka lura za ka rarrabe: tsohon dutse gishiri ya cinye fuskarsa ya yi ramuka-ramuka, sabo kuwa sumul yake, kusurwarsa da kaifi. A ganina gyaran ya yi yawa a wasu wurare, har ginin ya fi kama da sabo fiye da yadda ya kamata. Manyan tubalan kankare da ke zube a gindin ganuwa ta waje kuma na zamaninmu ne, don tare igiyar ruwa da ke cin harsashin.

Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ta ishe ka. Akwai ɗan gidan kifaye a kusa da ƙofa, in ba da yara ka zo ba ka bar shi. Sallar azahar ka bari sai Masallacin Abul Abbas al-Mursi, tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin ce a ƙafa ta hanyar da ka biyo. Shehin ɗan Andalus ne, almajirin Abul Hasan Shazali, ya rasu a 1287. Dab da shi akwai masallaci da kabarin Imam Busiri mai Burda, wadda ba sai an gabatar wa Bahaushe da ita ba. Na ga dattawan da ƙal'ar ba ta motsa su ba ko kaɗan, amma da aka ce musu ga Busiri nan sai da aka yi ta lallashi kafin su tashi.

Abinci kuwa kifi ne, kana Anfushi. A gidajen kifin unguwar kai za ka zaɓa a kan ƙanƙara, a auna a gabanka, ka faɗi gasawa ko suya. Ka tambayi kuɗin kilo kafin a ɗora a sikeli, ba bayan an kawo faranti ba. Mai ƙaramin aljihu ya nemi gurasa da hanta irin ta Iskandariyya, da yaji sosai, za ta riƙe shi har Alƙahira.

In kana da kwana biyu, kashegari ka nemi mota zuwa Rashid, wajen kilomita 65 gabas, inda reshen Nilu ke shiga teku. Akwai wata ƙaramar ƙal'a a can, ita ma ta Ƙaitbai ce. A cikin bangonta ne sojojin Faransa da ke gyara suka tono dutsen nan mai rubutu iri uku a 1799, wanda da shi aka gano yadda ake karanta rubutun Fir'aunoni. Dutsen yana Landan tun 1802, kwafinsa za a nuna maka. In kuwa yini ɗaya ne, ka bar bakin teku da awa guda a hannu kafin lokacin jirginka, don cunkoson yamma tsakanin Manshiyya da tasha yana iya cinye rabinta.